HOTON DA YA FASHE BA YA ƊINKUWA: RADDI GA 'YAN "A JA SHI KAWAI"

Wannan makon ni aka ɗora wa muƙalar zaure, kuma zan yi amfani da damar in taɓo wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakaninmu, har muka daina ganinta a matsayin aibi. Marubuci zai kwashe shekara biyu yana rubuta littafi, ya hana idonsa barci, ya kai wa malamai su duba, ya ci bashi don kuɗin ɗab'i. Ranar da aka zo maganar bango kuma, sai ya shiga wayarsa ya tsinto wani ɗan mitsitsin hoto da aka turo masa ta WhatsApp, ya miƙa wa mai dizain ya ce: "A ja shi kawai ya cika bangon." Idan mai dizain ya yi gardama, sai a ce masa: "To a sa shi a Remini mana." Waɗannan jimloli biyu nake son mu kashe mu binne.

Daga Tambuwal nake rubutu, kuma abin da nake gani a nan da maƙwabciyarmu Kebbe shi zan faɗa. Amma na tabbata wanda ke Gusau ko Funtuwa ko Maraɗi zai gane garinsu a ciki.

Bari mu fara da lissafi, domin duk rigimar a nan take. Hoton da ke cikin waya tarin ƙananan ɗigo-ɗigo ne masu launi, jere a layi-layi kamar saƙar tabarma. Kowane ɗigo sunansa fiksel. Ranar da aka ɗauki hoto, an gama ƙidaya ɗigonsa. Iyakar abin da kyamara ta gani ke nan. Masu ɗab'i sun daɗe da tsayar da ma'auni cewa abin da za a riƙe a hannu a karanta, irin littafi ko mujalla, yana son kimanin ɗigo 300 a kowane inci. Yawancin littattafanmu girman A5 ne, wato santimita 14.8 a faɗi da 21 a tsawo. Idan ka juya shi zuwa ɗigo, fuskar bango ta gaba kaɗai tana buƙatar fiksel 1748 a faɗi da 2480 a tsawo. Ban sa gadon baya da ƙashin littafin ba, ban sa 'yar rarar milimita 3 da ake bari a gefe don yanka ba.

To ɗauki hoton da ka tsinta, a ce fiksel 640 ne kowane gefe, irin girman da hotunan fuskar shafi suke yawan zuwa da shi. A ma'aunin ɗab'i, wannan hoton bai wuce santimita 5.4 ba, kusan tsawon kwalin ashana. Kafin ya cika tsawon bangonka sai an ja shi kusan ninki huɗu a tsaye, ninki huɗu a kwance. Ma'ana, cikin kowane ɗigo 15 da za su fito a takarda, guda ɗaya ne kyamara ta taɓa gani. Sauran 14 ɗin kwamfuta ce ta yi canke. Wanda ya zuba ludayi ɗaya na nono a ƙwarya ya cika ta da ruwa, ya san ba fura zai dama ba. Amma idan hoto ne sai mu ce ai injin zamani ne, zai iya.

Hanyoyin canken nan tsofaffi ne, kuma ba su ɓoye abin da suke yi. Akwai wadda ke maimaita ɗigon da ke kusa, ita ce ke sa hoto ya fito da murabba'ai kamar ginin bulo, abin da muke cewa hoto ya fashe. Akwai masu duba ɗigo huɗu ko goma sha shida na kewaye su fitar da matsakaicin launi, su ne ke sa hoto ya yi dishi-dishi kamar ana hango mutum a cikin hazon hunturu. Duk wanda ya kama kusurwar hoto a CorelDRAW ko Photoshop ya ja, ɗaya daga cikin waɗannan ne ke faruwa. Babu wadda ta taɓa dawo da gashin gira guda ɗaya da kyamara ba ta ɗauka ba.

Akwai kuma wata dabara da wasu shagunan kwamfuta ke yi wa wanda bai sani ba. Za a buɗe hoton, a shiga wurin da aka rubuta 72, a goge a rubuta 300, a juyo maka da fuskar kwamfuta a ce ga shi nan an mayar da shi ma'aunin ɗab'i. Wannan lambar umarni ce kawai ga injin, tana faɗa masa yadda zai matse ɗigon da ke akwai. Rubuta "buhu" a jikin mudu ba ya ƙara gero. Abin tambaya kullum shi ne fiksel nawa ne a faɗi, nawa ne a tsawo. Wayarka za ta nuna maka wannan a bayanan hoton, ba sai ka biya kowa ba.

Abin haushin shi ne, mafi yawan lokaci hoton asali mai kyau ne, mu ne muke kashe shi a hanya. Waya mai megafiksel 12 tana ɗaukar hoto mai fiksel 4000 da 3000, wanda ya isa bangon A5 har da saura. Amma bi sawun tafiyarsa. An ɗauka a Kuchi, an tura wa ƙani a Kebbe ta WhatsApp, wanda a tsarinsa na yau da kullum yake rage dogon gefen zuwa kusan fiksel 1600 ya kuma matse shi. Ƙani ya ɗora a Facebook, shi ma ya sake matsewa. Wani ya gani ya yi sikirinshot. Ya turo maka a Tambuwal. Kai kuma ka tura wa mai dizain a Sakkwato, ta WhatsApp ɗin dai. Tsarin JPEG da hotunanmu ke zuwa a ciki, wanda ya fito tun 1992, yana yanka hoto gida-gida, kowane gida ɗigo 8 da 8, ya zubar da abin da yake ganin ido ba zai lura ba. Duk sanda aka sake matsewa sai ya sake zubarwa. Shi ya sa za ka ga wani irin datti kamar ƙudaje a kewayen rawani ko gefen haruffa. Hoton ya zama kamar labarin da ya bi bakin mutum biyar kafin ya iso kunnenka.

Maganin kuma bai kai kuɗin shayi da burodi ba. A tura hoton a matsayin dokumen, ba a matsayin hoto ba. Zai iso yadda aka ɗauke shi. Tun 2023 WhatsApp ya ƙara maɓallin HD, ya fi na da, amma shi ma yana matsewa, don haka dokumen ɗin ya fi tabbas. Ko a haɗa waya da waya ta Xender idan ana gari ɗaya. Za a ce mini data ta yi tsada kuma sabis ba ya zama a ƙauyukanmu. Na sani, a nan nake zaune. Amma hoto mai megabayit huɗu muke magana, alhali wanda ke kukan data ya kalli bidiyon barkwanci na minti goma da safe. Idan sabis ya ƙi a ƙauye, ranar kasuwa ana shigowa gari.

Yanzu ga hujjar da aka fi jefo mini, kuma tana da ɗan ƙarfi, don haka zan tsaya a kanta. Ana cewa: "Kai malam, dubi banonin 'yan siyasa. Lokacin zaɓen 2023 tun daga Dogon Daji har cikin Tambuwal, kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, hotuna ne manya-manya kamar ɗaki, kuma tas suke. Ashe ana jan hoto ya yi kyau." Gaskiya ne sun yi kyau daga cikin mota. Sirrin a nisa yake. Idon mutum mai lafiya, idan abu yana nesa da shi da santimita 30, wato nisan da ake riƙe littafi, yana iya rarrabe kusan ɗigo 290 a inci. Daga nan ma'aunin 300 ya samo hujjarsa. Idan abin ya matsa zuwa mita uku, ɗigo 30 a inci ya ishe shi. Idan ya kai mita goma, ƙasa da haka ma ya wadatar. Wata rana ka tsaya gindin bana ka kai hancinka kusa, za ka ga fuskar ɗan takarar ta koma kamar shukar da aka yi a kan layi. Bana an yi ta ne don mai wucewa, kuma bayan wata biyu rana ta cinye ta, ko ta koma rufin rumfar mai kayan miya. Littafi a hannu ake riƙe shi, a ƙarƙashin fitila, kusa da ido. Kuma dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai wallafa mai zaman kansa ya ajiye kwafi uku na abin da ya buga. Bangon da ka yi wa riƙon sakainar kashi yau, shi za a ciro wa mai bincike bayan ba ka.

Duk wannan da na faɗa, a kan munin aiki ne, kuma da a nan abin ya tsaya da ban kira shi raddi ba. Mummunan bango kunyar marubuci ce shi kaɗai. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne jimla ta biyu, ta "a sa shi a Remini", domin ita ta wuce muni ta shiga ƙarya.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira ba sa yin matsakaicin launi irin na da. An nuna musu dubban fuskoki har suka haddace yadda ido da hanci da leɓe suka saba kasancewa. Idan ka ba su fuska mai dishi-dishi, sai su zana sabuwa wadda in an rage ta za ta yi kama da taka. Abin da ya fito zane ne mai kama da hoto. Kuma wane irin fuskoki aka koya musu? A watan Yunin 2020 duniya ta ga amsa. Masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka sun fitar da wata manhaja mai suna PULSE. Wani ya ɗauki hoton Barack Obama da aka dusashe, wanda ko yaro zai gane shi ne, ya sa a ciki. Abin da ya fito Bature ne fari. Masu manhajar da kansu sun bayyana cewa ba a yi ta don gano ainihin fuskar mutum ba, fuska ce mai yiwuwa kawai take ƙirƙirowa. A watan Maris na 2024 kuma, wani alƙali a gundumar King ta jihar Washington, Leroy McCullough, ya ƙi karɓar bidiyon waya da aka "gyara" da irin wannan fasaha a matsayin shaida a shari'ar kisan mutum uku, saboda manhajar tana ƙara abin da babu a asali. Kotu ta ƙi yarda da shi a matsayin shaida, mu kuma muna buga shi a littafi mu rubuta sunan kakanmu a ƙasa.

Idan abin ya yi wa Obama haka, mutumin da hotunansa suka cika duniya, me kake zaton zai yi wa dattijon Sanyinna ko na Jabo? A wannan yanki namu tarihin mutum a fuskarsa yake. Dattawanmu da yawa suna ɗauke da tsage, na Kabawa, na Gobirawa, na Zabarmawa, kuma wanda ya sani yana ganin fuska zai faɗa maka asalin mai ita. Yau an kusa daina yi wa yara, don haka tsofaffin hotunan nan su ne shaidar da ta rage. Manhaja kuwa ba ta san tsage ba. A wurinta layukan da ke kumatu datti ne ko tamoji, aikinta ta share. Na halarci bikin ƙaddamar da wani ɗan littafin tarihin wani malami a nan yankin, wanda aka yi aikin bangonsa a wani shago da ba zan kama suna ba. An fito da marigayin fatarsa sumul kamar ta amarya, ya yi haske, tsagensa sun ɓace, gemunsa ya zama kamar an taje shi da injin. Wata tsohuwa daga cikin iyalansa ta karɓi littafin ta juya shi, ta ce: "Wanga ba Malam ba na." Mutane suka yi dariya, aka ci gaba da tara kuɗi. Ni ban ga abin dariya ba. Kwafin da aka buga sun shiga gidaje, kuma jikokin da ba su riske shi ba wannan baƙon za su riƙa nuna wa 'ya'yansu.

Ba fuska kaɗai ba. Aikin allura na babbar riga, aska biyu ko aska takwas, yana komawa wani zane da babu maɗinkin da ya taɓa yin sa. Saƙar hula tana narkewa. Naɗin rawani, wanda a masarauta yake bambanta matsayin mutum, yana cakuɗewa. Mai nazarin tufafin Sakkwatawa nan da shekara hamsin zai zauna yana sharhi a kan abin da kwamfuta ta yi mafarkinsa.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne rubutu. Tambuwal gari ne mai tsohon tarihin ilimi. Nan Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna, kuma har yau akwai gidajen da ke da takardun ajami da na Larabci a cikin gafaka. Matasa sun fara ɗaukar hotunansu suna sawa a littattafai da shafukan intanet, abin a yaba. Amma duk wanda ya yi makarantar allo ya san ɗigo ɗaya ne tsakanin harafi da harafi: ɗigo a ƙasa wani harafi ne, biyu a sama wani ne daban. Ka ɗauki shafi a duhun zaure da hannu mai rawa, ka bi da shi ta WhatsApp, sannan ka ba manhaja ta "fito da shi", to ita za ta yanke hukuncin inda ɗigo yake da inda babu, alhali ba ta taɓa zama gaban malami ba. Tabon tawada zai iya zama wasali, wasali ya zama tabo. A boko ma haka ne. Lanƙwasar da ke kan ƙ da ɗ da ɓ 'yar ƙarama ce, ita ce farkon abin da ke narkewa. Ƙaya ta koma kaya, ƙafa ta koma kafa, ɓari ya koma bari. Mu da muke faɗa a wannan zaure kullum a kan a riƙa sa wa haruffa ƙugiyarsu, bai kamata mu miƙa su ga injin da bai san da zamansu ba. Wanda ke da irin waɗannan takardu ya nemi a yi musu sikanin na gaskiya, ko ya nemi shawarar ma'aikatan Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, waɗanda adana irin wannan shi ne aikinsu.

Na san abin da wani zai ce, kuma shi ne mafi nauyin abin da za a iya faɗa mini: "Mahaifina ya rasu, hoto ɗaya tak ya bari, ɗan ƙarami, ya dushe. In bar shi ke nan?" Allah ya jiƙansa. A'a, kada ka bar shi. Amma ka fara tambayar kanka ko da gaske shi kaɗai ne. Sau da yawa abin da ke wayarka hoton hoto ne: wani ya tsaya gaban firem mai gilashi ya ɗauka da walƙiyar waya. Na takardar yana nan a bangon ɗakin Inna ko a ƙasan adaka. Ka je ka roƙa, ka kai a yi masa sikanin a kan ɗigo 600. Hoton situdiyo mai inci 3.5 da 5 zai ba ka fiksel 2100 da 3000. Ba zai yi kaifin sabon hoto ba, amma duk abin da ya fito nasa ne. A duba tsohon katin shaida, fasfon aikin Hajji, takardar fansho. Idan duk an rasa, to a buga ƙaramin a ƙaraminsa. Wa ya ce dole hoto ya cika bango? A sa shi tsakiya, girman da ɗigonsa zai iya ɗauka, a kewaye shi da fili, a rubuta shekarar da aka ɗauka in an sani. Dushewarsa ma shaida ce ta shekarunsa, kuma mai karatu yana girmama wannan.

Ban ce a jefar da manhajojin nan kwata-kwata ba. Idan sararin sama ne a bayan hoto, ko yashi, ko ganyen bishiya da ba wanda zai yi shari'a a kansa, a ƙara masa girma, ba a zalunci kowa ba. Idan ma iyali sun ga suna son fuskar da aka gyara don su rataya a ɗaki, ruwansu. Amma da zarar za a buga a littafi, a rubuta a ƙasa cewa an sake fasalin wannan hoto da ƙirƙirarriyar basira, kuma a sa na asalin a gefensa ko da ƙarami ne. Marubucin da zai ji kunyar rubuta wannan layin, ya riga ya san abin da ya aikata.

Sai masu cewa ai abin da ke ciki ake karantawa, bango ba komai ba ne. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa tsayawa gaban mai sayar da littattafai ya ga yadda ake saye ba. Mai saye yana ɗagawa, ya kalli gaba, ya juya baya, ya ajiye ko ya ciro kuɗi, duk cikin ɗan lokacin da bai isa karanta shafi ɗaya ba. Muna kukan cewa ana raina adabin Hausa, ana kiransa na kasuwa, ana cewa ba a shigar da littattafanmu manhajar makarantu. Sannan mu kai wa malamin jami'a littafi da fuskar mace ta fashe a bango, da sauran tambarin shafin da aka sato hoton a kusurwa. Tun kafin ya buɗe ya gama yanke hukunci, kuma mu muka ba shi wuƙar. Batun satar ma wani babi ne: hoton da ka tsinta a Google yana da mai shi, kuma yarinyar da ka ɗora fuskarta a kan labarin kishiya 'yar wasu ce. Ƙanƙantar hoton da kanta alama ce cewa ba a ba ka shi ba.

Abin mamaki, waɗanda suka share mana hanya ba su da ko ɗaya daga cikin kayan da muke da su. Littattafan soyayya na Kano na farkon shekarun 1990 da yawansu zanen hannu ne a bango. Wani zanen bai ƙware ba, amma na littafin ne, an yi shi dominsa, kuma ba ya fashewa. Yau a Tambuwal da Kebbe akwai masu rubuta allon shaguna, akwai masu zanen jikin manyan motoci, akwai almajiran da ke yin zayyanar allo idan an yi sauka, zayyanar da idan aka yi mata sikanin mai kyau za ta yi bangon da babu irinsa a kasuwa. Ba mu taɓa tunanin mu biya su ba. Ga kuma bango na haruffa zalla: launi ɗaya mai kyau, suna da manyan baƙaƙe masu ƙugiyarsu. Haruffan da aka buga a cikin CorelDRAW ba ɗigo ba ne, layuka ne na lissafi, ko an ja su sun kai girman bango na gida ba za su fashe ba. Haka ya kamata tambarin ƙungiyoyinmu ya kasance, maimakon sikirinshot ɗin da muke ta yawo da shi daga takardar gayyata zuwa takardar gayyata har rubutun da ke kewayensa ya daina karantuwa.

Ga masu dizain da masu ɗab'i kuma, ba zan wanke ku ba. Da yawanku kun san duk abin da na faɗa, kun fi ni sani. Kuna karɓar hoton kuna gani, ku yi shiru don kada ciniki ya tafi shagon gaba. Idan aiki ya fito marubuci ya yi kuka, ku ce ai abin da ya kawo ke nan. Tela na ƙwarai idan aka kawo masa yadi biyu aka ce babbar riga ake so, faɗa yake yi tun kafin ya sa almakashi. Amma mu ma marubuta mu riƙa jin magana. Wanda ya ce maka "hoton ga ƙarami na, ba shi yi", ya fi ƙaunarka a kan wanda ya ce "ba matsala, Alhaji". Kuma nisa ba hujja ba ce. Don aikinka yana Sakkwato ko Kano ko Zariya kai kana Kebbe, ba shi ne zai sa ka amince da bango daga abin da ka gani a fuskar waya ba. A waya komai kyau yake yi, domin fuskarta ƙarama ce kuma haske take fitarwa, takarda kuwa tawada take sha. Ka sa a turo maka fayil ɗin, ka shiga shagon kwamfuta mafi kusa a buga maka shi a ainihin girmansa ko da a farar takarda ce, ka riƙe a hannu ka duba idanu da gefen haruffa. In da hali a aiko maka da gwajin maɗaba'a guda ɗaya a motar haya kafin a saki injin a kan kwafi dubu.

Ina da roƙo ga shugabannin wannan zaure da na ƙungiyoyinmu na marubuta. Muna da masu duba mana ƙa'idojin rubutu kafin littafi ya fita, amma ba mu da mai duba bango. A sa mutum biyu ko uku da suka san aikin, duk wanda zai buga littafi ya turo musu bangon a matsayin dokumen, su duba yawan fiksel, su tambayi inda hoton ya fito, su tambaya ko an taɓa fuskar wani da manhaja. Kada ƙungiya ta sa tambarinta a littafin tarihin da aka canja wa mamaci kamanni ba tare da an faɗa ba. Ni na sa kaina a wannan aiki ga duk wanda ke Tambuwal da Kebbe da kewaye, kyauta. Sharaɗina ɗaya ne: wanda ya turo mini sikirinshot, zan mayar masa da abinsa ya je ya nemo na asali.